Yajin da Ba Shi da Suna

Dapango, ranar Litinin

Zuwa ga Yayar su Basiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kin fara sabawa da Sokode, ruwan garin kuma ya karɓe ki. Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya raba ki da gangancin masu babur, ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar da kika fara koyarwa. Ki gaida Goggonki Ladi, ki ce ina godiya da riƙon da take miki. Mu nan duk lafiya lau muke. Labarin gida na bar wa waya, don abin da ya sa na ɗauki biro yau daban ne.

Hoton wasiƙar da kika turo ta wayar babanki ya iso, wadda kike son aika wa masu buga littattafai a Lome. Kin ce mu sa miki albarka. Kin ce su wasiƙa kawai suke fara karantawa, shafi guda, sai ta yi musu sannan su nemi ganin littafin, kuma ƙarshen wata za su rufe karɓa. Duk na gane wannan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganarki ta ƙarshe, da kika ce sau ɗaya za ki gwada, in ba su amsa ba ki ajiye rubutu ki fuskanci koyarwa.

Babanki ya dawo daga mahauta da la'asar, ya miƙo mini wayar ya ce, "Karanta mana, ke ce kika yi lakwal, kika san boko." Na zauna ina karantawa a hankali ina juya masa da Hausa. Kin gaida shugaban kamfanin, kin gaida iyalinsa, kin gaida ma'aikatansa, kin yi musu ban gajiya, kin tambayi damina. Kin nemi gafara don kin dame su. Kin ce kin san ke ba kowa ba ce, kuma kin san suna da manyan ayyuka a gabansu. Ina cikin haka babanki ya daina tauna goronsa.

Ya ce, "Tsaya tukuna. Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba wanda ya rasu."

Ya ce, "To ai ni na ji kamar ta'aziyya ake yi. Ina maganar littafin?"

Na duba, na duba, sai can ƙasa na same ta, layi ɗaya tak. Kin ce ɗan rubutu ne da ba wani abin kirki ba, in sun sami sarari su duba.

Ya ce, "Ba abin kirki ba? To don me ta yi ta ƙona mana tuwo a kansa?" Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya nuna ni da yatsa ya ce, "Wannan 'yarki ce, ko ba a faɗa ba."

Ni ma na yi dariya, amma tawa ba ta daɗe ba, don gaskiya ya faɗa. Na ji muryata a cikin wasiƙar nan tun daga farko har ƙarshe.

Ban san aikin buga littafi ba. A aji shida na tsaya, ke kuwa kin yi nisa, kin fi ni sanin waɗannan mutane da irin Faransancin da ake rubuta musu. Abu ɗaya dai na sani, shi ne yadda mutum yake ji in ya tsaya gaban wani mai aiki da yawa, riƙe da abin da ya yi da hannunsa, yana son a karɓa. Na tsaya irin wannan tsayuwa a garin da kike yanzu, kina bayana a goye, kuma ba kuskuren da ban tafka ba. Bari in ba ki labarin, ki ɗauki abin da zai amfane ki.

Lokacin muna zaune a zangon Sokode, kafin mu dawo Dapango. Babanki yana gasa tsire a bakin babban titi, ni nake daka masa yaji: ƙuli-ƙuli, citta, barkono, kanumfari, masoro da kimba. Matafiya suka fara roƙo a ƙunsa musu yajin a takarda su tafi da shi, har wani direba ya ce wa babanki shi don yajin yake tsayawa, naman rakiya ne. Babanki bai ji daɗin maganar ba, amma da ya dawo gida ya ce in zuba a kwalabe in kai shagon Madam Akuwa. Shago ne babba inda motocin Lome suke tsayawa fasinjoji su sayi tsaraba. Madam mutuniyar kudu ce, ba ta daɗe da zuwa garin ba. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta.

Na yi wanka, na ɗaura zanena mai kyau, na goya ki, na tafi da kwalabena a kwando. Na same ta ita kaɗai tana jera biskit. Na durƙusa na fara gaisuwa. Na tambayi kwananta, na tambayi gajiya, na tambayi maigida da yara da kasuwa da mutanen Lome waɗanda ban ma san su ba. Tana ta cewa lafiya, lafiya, idonta na kan kwandon. Ta ce, "To, me ka kawo?" Ni kuwa kunya ta hana ni shiga maganar kai tsaye, sai na koma na tambayi sanyin safiya. Ina nan ina tambayar sanyi babbar mota ta tsaya, mutane suka cika shagon, wannan ruwa, wannan burodi. Na rakuɓe a gefe ina jira. Da suka watse wata motar ta iso. Na gaji na ɗauki kwandona na koma gida, ban ko buɗe shi ba. Babanki ya ce, "Me ta ce?" Na ce, "Ta ce kowa lafiya."

Yaya, mutumin da zai buɗe wasiƙarki kamar Madam yake, akwai wata mota a hanya. Wasiƙu ne tuli a gabansa. Ki gaishe shi, don ba mu haife ki marar ladabi ba, amma layi ɗaya ya isa. Daga nan ki buɗe kwandon. Ki faɗi sunan littafin, ki ce labari ne, ki faɗi tsawonsa, ki faɗi waɗanda kika rubuta dominsu. In ya karɓi littafin, kuna da shekaru na tambayar iyali.

Da na koma, na rage gaisuwa, na fito da kwalba na ajiye a kan tebur. Madam ta ɗaga ta tana dubawa. Ta ce, "Yaji? Yana da daɗi?" Kin san yadda muke yi a gida. In ka kawo wa baƙo abinci sai ka ce ga ɗan abin da ba yawa, miyar ma ba ta yi ba, shi kuma ya san amsarsa, ya ce haba, ai wannan ya wuce misali. Haka na yi. Na sunkuyar da kai na ce, "Ba wani mai daɗi ba ne, Madam, na dai ce bari in kawo." Ina jira ta ce haba.

Ba ta ce haba ba. Ta turo mini kwalbar da fara'arta, ta ce, "To kai da shi gida. Ran da ka yi mai daɗi, ka kawo. Ni ina son mutum mai gaskiya kamar kai."

Har yabona ta yi. Na fito ina jin kamar in nutse. A hanya na yi ta jin haushinta, ina cewa matar nan ba ta san magana ba. Sai daga baya na gane ba ta yi laifi ba. Ta tambayi wadda ta daka yajin, wadda ta daka ta ce ba daɗi. Wa ya fi ni sani? Irin wannan magana tana aiki ne a tsakanin waɗanda suka san ki, suka san ladabi kike yi. Mutumin Lome bai taɓa ganin ki ba. Abin da kika rubuta shi zai ɗauka. In kin ce ba abin kirki ba ne, zai gode miki da kika rage masa aiki, ya ɗauki wasiƙa ta gaba. Ki goge layin nan, ki goge na neman gafara, ki goge wanda kika ce ke ba kowa ba ce. Aikinsu ne karɓar irin wannan wasiƙa, ba damunsu kika yi ba.

Yanzu kuma ki saurara da kyau, don wannan ya shafi wadda kike zaune a gidanta. Da labari ya kai kunnen Goggonki Ladi, sai ga ta da sassafe ta yafa gyale. Ta ce, "Ke matar ƙanena, bakinki a ɗaure yake. Tashi mu je, yau za ki ga yadda ake talla." Na bi ta ina murna. Tun daga bakin ƙofa ta fara. Ta ce yajin nan babu irinsa daga Lome har iyakar Burkina. Ta ce yana maganin mura da sanyin ƙashi da kasala. Ta ce mai jego in ta ci sai ta tashi ta yi surfe. Ta ce akwai wani tsoho a Kambole da ya daina gani sosai, ya ci, yanzu shi yake sa wa matarsa zare a allura. Ni ina tsaye ina jan gyalenta, tana ture hannuna. Madam ta saurare ta har ta gama, sannan ta fito bakin shago ta nuna hanya.

Ta ce, "Ka ga can? Ka miƙe, ka yi dama. Asibiti ke nan. Can za ka kai. Ni tsaraba nake sayarwa."

Goggonki ta ce, "Ji mata! Ke kika sani, alheri ya zo har ƙofarki." Muka dawo tana ta faɗa a hanya, har yau kuma in aka tayar da maganar cewa take tsohon nan na Kambole gaskiya ne.

Saboda haka ki nuna mata wannan wasiƙa tawa in kina so, ta yi dariya, amma kada ki bari ta sa baki a taki. Na san ta, za ta ce ki rubuta cewa ba a taɓa yin littafi irin naki ba a Togo, duk wanda ya karanta sai ya yi kuka, kamfaninsu zai cika da alheri. Mai karanta wasiƙu ya ji irin wannan har ya gaji, kamar yadda Madam ta gaji. Ni na rage wa yajin daraja, goggonki ta ɗora masa abin da ba ya iyawa, kuma dukanmu da kwandonmu muka dawo. A duk surutun nan ba wadda ta gaya wa matar abin da ke cikin kwalbar.

Akwai wani abin kunyar da ko babanki sai da ya daɗe bai sani ba. Bayan wannan na yi fushi da Madam, na ce ai ba ita kaɗai ke da shago ba. A tsallaken titi akwai wani babba mai sabon fenti. Ban tambayi kowa ba, ban leƙa na ga me ke kan katakan ba, na shiga kawai na ajiye kwalba a gaban mai shagon. Ya juya ta, ya shinshina, ya yi atishawa. Ya ce, "Maman, wane ƙwaro yake kashewa?" Sai a lokacin na ɗaga kai. Iri ne da taki da maganin feshi ko'ina. Na ce, "Ba komai, hanya nake tambaya," na ɗauki kwalbata na fito da sauri.

Ke ma ki leƙa shagon kafin ki shiga. Ki je inda ake sayar da littattafai a nan Sokode, ko ɗakin karatu, ki nemi waɗanda wannan kamfani ya buga, ki riƙe su a hannu. In na lissafi da na koyon karatu kawai suke yi, wasiƙarki ko ta fi kowacce kyau ba za ta shiga ba. In kuwa suna buga labarai, ki karanta ko da ɗaya, ki ambace shi a wasiƙar, su san ba a makance kika zo ba. Ki binciki wanda ke karɓar rubutu a wurinsu ki rubuta masa shi. Abin da suka ce a aika kuma shi za ki aika. Sun ce shafi guda, kada ki ce bari ki ƙara musu don alheri.

Daga nan na ajiye kwalabe, na ce na haƙura, kamar yadda kike shirin cewa. Na koma daka wa babanki kawai. Wata rana na kai masa yaji bakin titi, na zauna a benci ina ba ki nono, ina kallon sa yana ciniki. Abin da nake gani kullum ne, amma ran nan ne na lura. Mutum zai tsaya yana shakka. Babanki ba ya cewa naman ba daɗi, ba ya cewa yana maganin komai. Yanka ɗan kaɗan yake yi, ya dangwala a yaji, ya miƙa a bakin wuƙa ya ce, "Na rago ne, na yau ne. Taɓa ka ji." Shi ke nan. Na ce a raina, ashe malamin yana gidana ina ta yawo.

Na sa ya naɗe mini tsire mai zafi a takarda. Na tsaya daga nesa har motar da ke gaban shagon ta tashi, sannan na shiga. Madam ta gan ni ta ce, "Kai ne kuma? Ina likita?" Tana nufin goggonki. Na ce na bar ta a gida. Na buɗe takardar na barbaɗa yajin na ce, "Madam, yajin tsire ne. Ni nake daka shi. Fasinjoji suna roƙon sa a wurin mijina, ba mu da abin zuba musu. Taɓa ki ji."

Ta ci. Ta yi tari, hawaye suka zubo, ta sha ruwa. Na ce shi ke nan, na kashe matar mutane. Sai na ga ta sake miƙa hannu. Ta cinye tsiren tas, ta lashe yatsa, ta ce, "Me da me ke ciki?" Na fara kame-kame, don ina tsoron kada ta ji ta je ta yi nata. Ta gane. Ta ce, "Kai, dube ni. Ina da lokacin daka? Mai saye zai tambaye ni, in ce masa me?" Na lissafa mata, ta ce in kawo.

To abin da babu a wasiƙarki ke nan, ɗanɗano. Ba ki gaya musu ko sunan yarinyar da ke cikin labarin ba.

Na san yanzu kin ɗaga kai kina cewa, ina Mama ta san akwai yarinya a ciki? Kin ɗauka ban taɓa buɗe littafin ba, don duk lokacin da kika kawo maganar sai in ce ki je ki duba tukunya. Kwafin da kika bari a cikin akwatin zannuwana, wai don kada su Basiru su yaga, tun makon da kika tafi na ɗauko shi. Ina suyar gyaɗa ina karantawa, da yatsa a kan layi kamar 'yar aji biyu. Kalmar da ta fi ƙarfina in tsallake ta. In kin dawo za ki ga tabon mai a shafuka, ki yi haƙuri. Babanki ya gan ni, ya ce sai na juya masa, yanzu kullum bayan la'asar sai ya ce, "Ina muka tsaya? Sun gyara motar?" Ya rantse ya san direban da ke cikin littafin, wai wani ɗan Korbongu ne da suka taɓa faɗa a kan akuya. Na ce ƙirƙirarsa kika yi, ya ce in bar shi, ya san abin da yake faɗa.

Da ni ce zan tsaya gaban mutumin Lome da littafin nan, ga abin da zan ce masa. Labarin Zinatu ne, yarinya mai kunya da ba ta iya kallon mutum a ido. Uwarta ta kwanta ciwo, sai ta shiga motar tumatir a madadinta daga Dapango zuwa Lome. Motar ta lalace a kan dutsen Alejo, rana ta buɗe, tumatir ya fara ruɓewa. Matan da ke cikin motar, 'yan ƙabilar Moba da Kotokoli da Hausawa, kowace tana zargin 'yar'uwarta, kuma ba mai jin yarukan duka sai Zinatu. In ba ta buɗe baki ba, jarin uwarta da na kowa ya tafi.

Kin ga, bai kai rabin shafi ba. Ke za ki mayar da shi Faransanci mai kyau, ki gyara inda na karkace, don ke kika san kayanki. In sun nemi ki faɗi ƙarshen labarin, ki faɗa, kada ki ɓoye kamar yadda na so in ɓoye kimba da masoro. Ki gaya musu ta hau kan tayar mota ta yi magana, ta sa matan suka yanyanka tumatir suka shanya a kan dutse ya zama kauɗa. Ba za su sace ba, su ma ba su da lokacin daka. A wurin nan ne gyaɗata ta ƙone, ina tsaye da ludayi a hannu ina cewa, yi magana mana, 'yar nan, yi magana. Bayan labarin ki ƙara layi biyu a kan kanki: a zangon Dapango kika tashi, kin sha raka mata lodin tumatir, kina koyarwa a Sokode, wannan ne littafinki na farko. Gaskiya ce duka, kuma ta isa.

Maganar sau ɗaya kuma ki janye ta. Kin ji yawan zuwan da na yi wurin mace ɗaya. Wataƙila su amsa, wataƙila su ce a'a, wataƙila su yi shiru. In sun yi shiru ki ba su lokaci, sannan ki tuna musu da ladabi. In sun ce a'a ki yi kukanki, ki wanke fuska, ki duba ko akwai abin gyarawa, ki nemi wani kamfanin. Akwai wasu a Lome, akwai a ƙasashen maƙwabta. Ban ce dole su karɓa ba, wannan na Allah ne. Na dai ce kada a mayar da ke don abin da kika faɗa da bakinki.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi mini wuyar rubutawa, shi ya sa na bar shi ƙarshe.

Ran da na kai kwalaben da ta ce in kawo, Madam ta ɗauko takarda da biro za ta liƙa musu suna. Ta ce, "Yajin wa za mu sa? Maman wa?" Ta nuna ki a bayana. "Yaya sunan yaro?"

Kin san al'adarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna shi a gaban mutane. Haka na ga uwata ta yi, haka na tashi. Na sunkuyar da kai ina murmushi. Ta sake tambaya. Na ce, "Yarinya ce." Ta ce, "Na gani. Sunansa?" Na ƙara sunkuyar da kai. Madam ta ajiye biro, ta zagayo ta leƙa fuskarki, ta leƙa tawa. Ta ce, "Kai, gaya mini gaskiya. Ɗan wa ka ɗauko?" Sai da wata mai sayar da lemo a bakin shagon ta yi mata bayani, tana dariya har da riƙe ciki. Madam ta girgiza kai ta ce, "Ku mutanen zango! Ka haifi mutum, ka ba shi suna, ka kasa faɗi." Ta ce to in ba da nawa sunan, na ce ai matar aure ba ta sa sunanta a kwalba. Ta gaji ta rubuta "Yajin Zango" ta liƙa.

Yajin ya karɓu. Amma ba a daɗe ba wasu matan suka fara kai nasu shaguna, su ma Yajin Zango, don ai su ma a zango suke, ba ƙarya suka yi ba. Mutum zai sayi nawa ya ji daɗi, ya dawo ya sayi na wata ya ce yajin ya lalace. Wani zai zo neman wadda ta yi na farkon, ba wanda ya san inda zai nuna masa. Haka na yi ta fama har aka haifi Basiru, sannan aka sa "Yajin Maman Basiru", wanda kika tashi kina gani a kan kowace kwalba a gidanmu. Ba ki taɓa tambayata don me ba a sa naki ba, ke da kika riga shi zuwa, ke da aka yi duk yawon nan da ke a baya. Ni ma ban taɓa ce miki komai ba.

Da na kai ƙarshen wasiƙarki na ga abin da kika sa. Harafi ɗaya da ɗigo, sai "wata ɗalibarku". Ba suna, ba lambar waya, ba inda za a same ki. Ko da mutumin ya so littafin, wa zai nema? Babanki ya ce wataƙila so kike su yi ta bin makarantun Sokode suna cigiya. Ni ban yi dariya ba, don na san inda kika koyi ɓoye sunan nan. A bakina kika ga ana ɓoye shi.

Kunya abu ne mai kyau, ba na nadamar tarbiyyar da na ba ki, kuma in kin dawo hutu kada ki sa ran zan canza, Yaya zan ci gaba da kiran ki a gaban mutane. Amma takarda ba tsakar gida ba ce. Ki rubuta sunanki cikakke a ƙasan wasiƙar, da na babanki, da lambarki, da manyan haruffa yadda mai raunin ido ma zai gani. Littafin yana da kyau. Ban taɓa gaya miki irin wannan ba, kuma da a gabana kike da ban iya ba, shi ya sa na rubuta. Yana da kyau ƙwarai, kuma ke kika yi shi.

Direban da zai kawo miki wannan wasiƙa zai ba ki kwalabe biyu. Ɗaya ta goggonki ce, ki ce ta kai wa tsohonta na Kambole. Ɗayar taki ce. Ki duba takardar da ke jikinta, da hannuna na rubuta, na rufe ƙofa kafin in rubuta, babanki yana waje yana tambaya me nake ɓoyewa.

Ki gyara wasiƙar ki aika kafin su rufe, ki turo mana sabuwar mu ji ko babanki zai sake tambayar wanda ya rasu. Allah ya sa ta faɗa hannun mai rabo da ita, ya buɗe miki ƙofofin alheri, ya tsare ki dare da rana, a gida da makaranta da kan hanya. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya. Babanki yana gaishe ki, ya ce a littafi na gaba ki sa mahauci, kuma ya zama mutumin kirki. Su Basiru suna gaida Yaya.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Maman Fauziya